Gilashin Malam Kalilu

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe 1:40 na rana

Da safe wata mata ta shigo kanti. Ba ta tsaya wajen sabulai ba, ba ta tsaya wajen magani ba, ta taho kai tsaye lungun da nake sayar da gilashin ido. Ta kwance bakin mayafinta ta ajiye mini gilashi a kan tebur. Hannu ɗaya ya cire, idon hagu ya tsage gida uku, ga busasshen taɓo a wajen hancin.

Ta ce sunanta Maijidda, daga Sandamu take. Gilashin na mahaifinta ne, Malam Kalilu dillalin tumaki.

Tun kafin ta faɗi sunan na gane shi.

"Jiya ne, a hanyarsa ta zuwa kasuwar Mai'aduwa," in ji ta. "Babur ya kayar da shi a bakin wata kwalbati. Ƙugunsa ya karye, yana asibiti. Tun da ya dawo hayyacinsa gilashin yake tambaya, wai ko sati bai yi da karɓa ba. Za a iya gyarawa?"

Na ce za a iya, amma sai an aika Kano, ta ba ni sati guda. Na ce Allah ya ba shi lafiya.

An yi ruwa jiya da asuba. Kowa a Daura ya san an yi ruwa, hanya duk santsi.

Litinin, ƙarfe 4:15 na yamma

An kawo wuta. Na ɗora idon dama, wanda bai fashe ba, a kan injin awo. Na ɗauko takardar likitansa daga fayil na duba lambar. Na goge gilashin na sake aunawa. Na sake.

Na mayar da fayil ɗin na rufe durowa.

Talata, 12 ga Agusta, ƙarfe 6:20 na safe

Suhaibu ya ce tun jiya ban yi masa magana goma ba. Na ce kaina ke ciwo. Ya kawo mini magani da ruwa kafin ya fita aiki, na sha a gabansa. Shekara huɗu da aurenmu ban taɓa shan magani don in rufe baki ba sai yau.

Talata, ƙarfe 2:00 na rana

Bari in rubuta yadda aikin yake, ko zan ga bakin zaren.

Mutum ya je asibiti a auna idonsa, ya kawo mini takarda. Ya zaɓi firam. In sa firam da takardar a ambulan, in rubuta sunansa, mota ta kai Kano a yanka masa idanun gilashin. Idan ya dawo, kafin in miƙa wa mai shi, sai na ɗora a inji na tabbatar lambar ta yi daidai da takarda. Wannan shi ne abu na farko da aka koya mini. Minti biyu ne.

Talatar da ta wuce ambulan biyu suka dawo. Firam iri ɗaya, ruwan ƙasa, mai araha, wanda maza da mata duk suke ɗauka. Ɗaya na Malam Kalilu, ɗaya na Hajiya Kubura mai sayar da atamfa a Kongolam. Na fitar da su tare na goge, na sa kowanne a gidansa. Babu wuta. Ranar ce sunan ɗiyar ƙanwata Rauda a Baure, mota tana jirana a bakin kanti, direba yana ta hon. Su biyun duk suna zaune a benci.

Da na ce a tayar da janareta, da an tayar.

Sauran ba yau ba.

Laraba, 13 ga Agusta, ƙarfe 11:30 na safe

Na kira Hajiya Kubura. Na ce mata daga Kano aka ce a dawo da wasu gilasai za a sake dubawa. Ƙarya ta farko ke nan a wajen aiki, kuma ta fito mini da sauƙi fiye da yadda nake zato.

Dariya ta yi. "Ai 'yar nan gilashinku kwana ɗaya na sa. Kaina kamar zai tsage. Na jefa shi cikin akwati na koma wa tsohona. Ni ba na jure abin da jikina ya ƙi."

Ta ce za ta aiko da shi gobe.

Ita ta cire. Shi bai cire ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe 3:50 na yamma

Na Hajiya ya iso. Na auna. Lambar Malam Kalilu ce a ciki, daidai da takardarsa.

Lambobinsu ba su yi nisa ba, shi ya sa ba wanda ya gane nan take. Sai dai nata akwai wata karkata da aka yanka domin idonta. Wanda ba shi da wannan larurar idan ya sa, ƙasa takan zame masa kamar gangare, nisan abu ya rikice masa. Na karanta wannan, na ci jarrabawa a kansa.

Amma an yi ruwa.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan la'asar

Na sami Alhaji Sama'ila, mai kantin, a ofishinsa bayan ya dawo masallaci. Na ajiye gilasan biyu da takardun biyu a gabansa na yi masa bayani. Ya daɗe yana juya carbi.

"Wa ya sani bayan ke?"

"Ba kowa, Alhaji."

"Ranar an yi ruwa ko ba a yi ba?"

"An yi."

"To. Dattijo mai shekara sittin da ɗoriya, a kan babur, a kan santsi. Ke kika ga faɗuwar? Ni ma ban gani ba. Ga nasa na gaskiya a hannunki, ki goge, ki kai masa a matsayin gyara, kada ki karɓi komai. A yi wa Hajiya sabo. Siddiƙa, mutum goma sha ɗaya ke cin abinci a kantin nan. Idan maganar ta fita, har maganin mura ba wanda zai ƙara saye a wurinmu."

Abin da ya fi damuna shi ne na ji daɗi da ya faɗi haka. Na fito ofishin jikina ya yi sauƙi, har na ci gyaɗa.

Asabar, 16 ga Agusta, ƙarfe 7:00 na safe

Daɗin bai kwana ba.

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe 5:40 na yamma

Maijidda ta zo karɓa. Na ce zan bi ta asibitin in daidaita masa a fuska, don haka ake yi. Ba haka ake yi ba. Ina son in gan shi ne.

Yana kwance a gadon bakin taga, an ɗaure ƙafar da wani nauyi. Ya rame. Ranar da ya zo zaɓen firam sai da ya ba kowa dariya a kanti, yana cewa a ba shi wanda zai nuna masa haƙorin rago daga nesa kafin mai shi ya yi masa ƙaryar shekaru. Yau da ƙyar na ji muryarsa.

Na gaishe shi, na sa masa, na ɗan lanƙwasa hannun don ya zauna bayan kunne. Ya dubi fanka, ya dubi taga.

"Ikon Allah," ya ce. "Yau tagar a miƙe take. Kin ga, 'yata, gaskiyarki. Ashe sabo ne. Na saba ke nan."

Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba."

Haka na ce.

Da Maijidda ta rako ni waje ta faɗa mini abin da ake ciki. Ya gaya wa likita cewa kwana biyar kafin ya faɗi yana jin jiri, ƙasa tana zamewa. Likita ya ce idan an kai shi Katsina aikin ƙugu sai an ɗauki hoton kansa. Yayan Malam Kalilu da jiri ya fara, daga nan ɓarin jiki ya shanye, shekara uku yana kwance kafin ya rasu. Malam Kalilu ne ya yi jinyarsa.

"Anti, ba karayar ce ke cinsa ba," in ji ta. "Tsoron nan ne. Jiya ya kira yayyena ya fara yi musu wasiyya."

Ba wanda ya tambaye shi ko ya canza gilashi. Shi ma bai ga dalilin faɗa ba.

Talata, 19 ga Agusta, ƙarfe 1:10 na rana

Mutum huɗu na yi wa aiki yau. Kowane gilashi na auna shi sau uku. Wata tsohuwa ta ce ba ta taɓa ganin mai kula irina ba.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan magariba

Maijidda ta aiko mini da ƙwan zabi a ƙwarya, an rufe da faifai. Wai godiyar gyaran da ban karɓi komai ba. Suhaibu yana son ƙwan zabi. Na dafa masa shida. Ya tambayi dalilin da ban ci ba, na ce ƙarni nake ji. Ya dube ni da murmushi, na san abin da ya zata. Na bar shi da zatonsa. Ƙarya ta uku ke nan, ko ta huɗu.

Alhamis, 21 ga Agusta, ƙarfe 10:05 na safe

Yau sati biyu da Alhamis ɗin.

Na rubuta Talata, ban rubuta Alhamis ba. Na sani.

Juma'a, 22 ga Agusta, ƙarfe 6:45 na safe

An tafi da Malam Kalilu Katsina jiya. Na yi masa addu'a bayan sallar asuba. Da na zo wajen roƙon Allah ya sa hoton ya nuna babu komai sai na tsaya, don na riga na san abin da zai nuna. Ban san yadda ake roƙon abin da aka riga aka sani ba.

Lahadi, 24 ga Agusta, ƙarfe 4:30 na yamma

Na zauna tsakar gida ina tsintar shinkafa, Suhaibu yana gyaran fitilar cajinsa. Hadari ya haɗo ta gabas. Ban shirya ba, na dai ji bakina ya fara. Na faɗa masa na Talata. Ya ajiye sukudireba. Sai na faɗa masa na Alhamis, wanda ko Alhaji ban gaya wa ba.

Tunda na faɗa da baki, bari in rubuta.

Kwana biyu bayan ya karɓi gilashin, Malam Kalilu ya dawo kanti. Tun daga Sandamu ya taso a kan babur don wannan kawai. Ya tsaya a gabana ya ce, "'Yata, ƙasa na zame mini. Idan zan taka dakali sai in ga kamar ya matsa. Ko za ki duba?" Har ya kai hannu zai cire.

Akwai wuta. Injin yana kunne a gefena. Ina kallon hotunan suna a waya, Rauda ta turo guda sittin. Na ɗago kai na ce, "Baba, sabon gilashi haka yake. Kada ka riƙa cirewa, ka ba shi kwana uku, za ka saba." Ya mayar da hannunsa. Ya ce, "To, ku ne masana." Ya yi godiya ya fita yana laluben bakin ƙofa da ƙafa. Na gani.

Kwana uku daga Alhamis, Lahadi ke nan.

Suhaibu bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ko ruwa ne ya kayar da shi, ko babur, ko gilashi, ni ban sani ba, ke ma ba za ki taɓa sani ba. Amma tsoron da yake kwana da shi, wannan kin san daga ina ya fito."

Na ce aikin fa.

Ya ce, "Ban ce ki yi komai ba."

Ruwa ya sauko, muka kwashe kaya.

Talata, 26 ga Agusta, ƙarfe 12:20 na rana

Na kira Maijidda. An yi aikin ranar Asabar, an sa ƙarfe. Hoton kai bai nuna komai ba. Na ce alhamdu lillahi.

Ta ce shi bai yi murna ba. Cewa ya yi ciwon da inji bai gani ba ya fi wanda ya gani. Yayyenta sun yanke shawara ba zai ƙara hawa babur ba, ba zai ƙara zuwa kasuwa ba, za a sayar da babur ɗin. Bai yi musu ba. Ta ce wannan ne ya sa ta kuka, don Baba mutum ne da ko a kan gishirin miya sai ya yi musu.

Laraba, 27 ga Agusta, ƙarfe 9:15 na safe

Alhaji ya wuce ta gabana ya ce, "Komai lafiya?" Na ce lafiya.

Alhamis, 28 ga Agusta, ƙarfe 2:40 na rana

Na rubuta wa Malam Kalilu takarda na yaga. Maijidda ce za ta karanta masa, kuma ba ita na kora ba.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan isha'i

An sallamo shi jiya. Na je Sandamu. Na faɗa.

Lahadi, 31 ga Agusta, ƙarfe 8:30 na safe

Suhaibu ne ya kai ni, ya tsaya a zaure tare da maza. Geron hanya duk ya fi mutum tsawo, ban san me ya sa wannan ya tsaya mini a rai ba.

An shimfiɗa masa katifa a ɗakin da ke kusa da garken tumaki, shi ya ce a can yake so. Maijidda ta kawo mini fura, ta gabatar da ni ga matan gidan, "Ga mai gilashin da nake ba ku labari." Suka yi ta sa mini albarka. Na roƙa a bar mu mu uku.

Na durƙusa. Na fara da Talata, na ce gilashin da ya sa kwana biyar ba nasa ba ne, na wata mata ne, ni na musanya, ban auna ba. Na ce jirin daga nan yake, ba daga kansa ba. Na ce wanda ke fuskarsa yanzu shi ne nasa tun farko, ba gyara ba ne, ba kuma sabo da shi ya yi ba. Na ce tun ranar da Maijidda ta kawo fasasshen na sani.

"Tun ranar?" in ji Maijidda. "Sati uku?"

Na ce sati uku saura kwana biyu. Ban san me ya sa na gyara mata ba.

Shi bai dube ni ba. Ya cire gilashin ya riƙe shi da hannu biyu a kan ƙirjinsa. Wani rago yana ta kuka a bayan ɗakin.

"Ke nan ba ciwon Yaya ba ne," ya ce.

"Ba shi ba ne, Baba."

"Kin tabbata."

"Na tabbata. Zan rubuta wa likita lambobin biyu, a kai masa ya duba."

Ya rufe ido. Hawaye ya bi ta gefen fuskarsa ya shiga kunne, bai share ba. Ya yi ta hamdala a hankali, ban ƙirga ba.

Maijidda ta ɗauke kwanon furar daga gabana. Ta ce, "Na kwana goma sha tara a ƙasan gadonsa ina jin yana lissafa wa zai wanke shi. Kin zo, kin gan shi, kin sa masa gilashi kin ce alhamdu lillahi. Tashi ki tafi."

Na tashi.

Talata, 2 ga Satumba, ƙarfe 11:00 na safe

Munzali, babban ɗansa, ya zo kanti jiya. Ya shiga ofishin Alhaji, sun fi awa guda. Ban ji ihu ba. Da ya fito bai dubi lunguna ba.

Alhaji ya ce in ba da makullin durowa in zauna gida har sai ya neme ni. Bai ce yaushe ba. Ya ce, "Na gaya miki mutum goma sha ɗaya." Na ce ya gaya mini. Ba zan ce ba shi da gaskiya ba. Yarinyar da ke wajen magani ta juya baya da na zo wucewa.

Alhamis, 4 ga Satumba, ƙarfe 3:00 na yamma

Na kira Hajiya Kubura na faɗa mata ba Kano ba ce, ni ce. Ta ce, "Allah ya kyauta," ta tambayi jikin dattijon.

Na wanke labule. Na wanke wanda na wanke shekaranjiya.

Lahadi, 7 ga Satumba, ƙarfe 10:20 na safe

Suhaibu ya ji daga wani mutumin Sandamu cewa ƙafar za ta ɗan gajarta, sai da sanda. Babur ɗin ba a sayar ba tukuna, wai ya ce wanda ya taɓa masa babur zai gamu da shi.

Ban san ko in yi murna ba. Sandar ba za ta tafi ba.

Laraba, 10 ga Satumba, ƙarfe 5:10 na yamma

Ina kwasar tuwo waya ta yi ƙara. Lambar Maijidda. Ba ta gaishe ni ba, ta ce, "Ga Baba."

Muryarsa ta dawo, ba duka ba. Na gaishe shi, na tambayi jiki. Ya ce da sauƙi, jiya ya taka ƙasa sau huɗu. Ya ce likita ya ga lambobin, ya ce haka ne.

"Siddiƙa sunanki ko?"

"E, Baba."

"Na yi ta tunani. Musanyar nan, na yafe. Ni ma na taɓa ba mutum ragon da ba nasa ba, sai da ya kai Kongolam aka gane. Shirun da kika yi, shi ma na yafe, tsoro ne, na san tsoro yanzu. Maijidda ba ta yafe ba, wannan tsakaninku ne."

Na ce na gode.

"Saura ɗaya. Na taso tun daga nan na zo gabanki na ce ƙasa na zame mini. Ba ki miƙo hannu ba. Wannan na gwada, har yanzu bai wuce mini ba. Ba zan yi miki ƙarya in ce ya wuce ba. Ki ba ni lokaci."

Na ce, "To, Baba."

"Idan ya wuce zan sa a kira ki."

Na ce ina nan.

Ya miƙa wayar, na ji Maijidda tana ce masa ya gyara kwanciya kafin ta kashe. Na koma kan tuwon, ya riga ya sandare a tukunya. Na kwashe shi haka nan, muka ci.